Ƙarfe Nawa? Yadda Kwamfuta Ke Tambayar 'Yar'uwarta Lokaci Daga Nesa

Gabatarwa

Tambayar "ƙarfe nawa?" tana daga cikin tambayoyin da suka yi ƙaranci a bakin mutane a 'yan shekarun nan. A da, duk wanda ya ɗaura agogo a hannu ba ya rasa mai tsayar da shi a hanya. Yau kuwa kowa sai ya zaro wayarsa ya duba. Sai dai tambayar ba ta mutu ba, hannu kawai ta sauya, domin na'urori ne suka karɓe ta. Wayar da ke aljihunka, da injin POS na mai shago, da kwamfutar ofishin rajista, duk sukan aika wa wata kwamfuta da ke nesa wannan tambaya, su karɓi amsa, su gyara agogonsu ba tare da mai su ya sani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake yin wannan tambaya, da dalilin da ya sa ta fi ƙarfin yadda ake zato. Zan riƙa kawo misalai daga garinmu Potiskum ta Jihar Yobe. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, lokacin da yake gani a fuskar wayarsa ruwaya ce, wato labari ne da aka karɓo daga wani, shi ma ya karɓo daga wani. Duk labarin da ya yi tafiya kuwa yana da matsala biyu: yana tsufa a hanya, kuma mai kawo shi yana iya yin kuskure.

Daga Inuwa Zuwa Ƙarfe

Bahaushe yana da nasa ma'aunin lokaci tun kafin zuwan agogo. Akwai asuba da hantsi da walaha da tsakar rana, akwai azahar da la'asar da almuru da lisha. Ladani yakan dubi inuwa ya san lokacin salla ya shiga. Wannan ma'auni na gari ɗaya ne, domin rana ba ta faɗuwa a Potiskum da Sakkwato a tare, kuma babu wanda hakan ya dama muddin tafiyar ƙafa ko ta jaki ce ke haɗa garuruwa.

Kalmomin da muke amfani da su yau suna ɗauke da tarihin sauyin da aka samu. "Agogo" aro ce daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa. "Ƙarfe" kuwa tamu ce, ta samo wannan ma'ana daga ƙarfen da ake bugawa don sanar da lokaci, shi ya sa har yau muke cewa "ƙarfe goma ta buga". "Sa'a" da "daƙiƙa" daga Larabci suke, "awa" da "minti" da "sakan" daga Ingilishi. Daƙiƙa a Larabci minti take nufi, amma Hausawa da yawa sakan suke nufi da ita. Don guje wa ruɗani zan tsaya a kan "sakan". Kashi ɗaya cikin dubu na sakan kuma zan kira shi "milisakan".

Tun shekarar 1919 Nijeriya take bin agogo ɗaya, wanda ya ɗara na Greenwich ta Ingila da awa ɗaya. Da rediyo ya zo sai ya zama hanyar farko ta karɓar lokaci daga nesa. Gidan rediyon BBC ya fara kaɗa sautin nan guda shida na cikar awa a 1924, Sashen Hausa kuma ya fara aiki a 1957, iyayenmu suka saba da jin "agogon GMT" da "agogon Nijeriya da Nijar" suna murɗa nasu. Abin da kwamfuta ke yi yau ci gaban wannan ne, sai dai ita tambaya take yi da kanta, ba jira take a faɗa mata ba.

Me Ya Sa Agogon Na'ura Yake Ɓata?

A cikin kusan kowace na'ura akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kama da ƙarau, ana kiran sa kwats. Idan aka ba shi wuta sai ya riƙa karkarwa. Irin wanda aka fi sawa a agogo an yanka shi ne yadda zai karkaɗa sau 32,768 a sakan ɗaya. Na'ura tana ƙirga wannan karkarwa, duk sanda ta cika adadin sai ta ƙara sakan ɗaya.

Matsalar ita ce babu dutsen da aka yanka daidai wa daida. Idan kuskurensa kashi 20 ne kacal cikin miliyan, to a yini da kwana ɗaya, wato sakan 86,400, zai yi gaba ko baya da kusan sakan biyu. A wata guda ya tasar ma minti. Ga kuma yanayi. An tsara dutsen ne don ɗumin digiri 25, idan zafi ko sanyi ya wuce haka sai ya rage gudu. Na'urar da ta yini ta kwana a zafin digiri 40, irin na shagon kwano a Potiskum cikin watan Afrilu, tana iya rasa fiye da rabin sakan kowace rana ta wannan dalili kaɗai.

Akwai kuma ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke cikin kwamfuta, wanda ke riƙe agogo idan an kashe ta. Yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso. Idan batirin ya mutu, da zarar an ɗauke wuta sai kwamfuta ta farka da kwanan watan shekarun baya. Saboda waɗannan dalilai, dole na'ura ta sami wanda za ta riƙa tambaya.

Wa Ke Riƙe da Lokacin Gaskiya?

A shekarar 1955 wasu masana biyu a Ingila, Louis Essen da Jack Parry, suka haɗa agogon da ke ƙirga karkarwar ƙwayar zarra ta wani sinadari mai suna sisiyom. A 1967 ƙasashen duniya suka amince cewa sakan ɗaya shi ne tsawon lokacin da wannan karkarwa take cika 9,192,631,770. Yau akwai ɗaruruwan irin waɗannan agoguna a ƙasashe daban-daban. Wata hukumar ma'auni da ke kusa da birnin Faris na Faransa ita ke tattara lissafinsu ta fitar da lokacin duniya na bai ɗaya, wanda ake kira UTC. Shi ne ya gaji GMT a wurin masana, ko da yake a bakin jama'a sunan GMT bai gushe ba.

Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi kimanin kilomita 20,200 sama da ƙasa, kowannensu yana ɗauke da agogon zarra, kuma yana watso lokaci dare da rana. Duk mai na'urar kama saƙonsu, ko a ina yake, ya sami lokaci daga tushe.

A nan ne maganar ruwaya ta shigo. Ɗaliban hadisi sun san isnadi, sun kuma san cewa gajeren isnadi ya fi daraja domin kafar shigar kuskure ta ragu. Haka tsarin lokaci na intanet yake. Agogon zarra shi ne mataki na 0. Kwamfutar da aka jona da shi kai tsaye tana mataki na 1. Wadda ta karɓa daga gare ta tana mataki na 2, haka har zuwa 15. Idan kwamfuta ta ce tana mataki na 16, to tana sanar da cewa ba ta da isnadi, kada a ɗauki maganarta. Kowace amsa tana zuwa da lambar matakin mai ba da ita a rubuce, domin mai tambaya ya san mutum nawa ne tsakaninsa da tushe.

Kwamfutar da aikinta shi ne amsa tambayoyin wasu kwamfutoci, wasu masu fassara suna kiran ta "uwar garke". Ga wanda ya tashi kusa da kasuwar shanu sunan ya yi ma'ana, don haka da shi zan ci gaba.

Matsalar Ɗan Aike

Hanya mafi sauƙi ita ce a tambaya a ba da amsa, shi ke nan. Haka aka fara. A 1983 aka fitar da ƙa'idoji biyu masu sauƙi. A ta farko, uwar garke takan aiko da kwanan wata da lokaci a rubuce yadda mutum zai iya karantawa. A ta biyu, takan aiko da lamba ɗaya tak, wato adadin sakan da suka wuce tun daga 1 ga Janairu 1900. Dukkansu ba su kula da abu ɗaya ba: kafin amsa ta iso, lokacin da ke cikinta ya riga ya wuce.

Bari mu rage gudun al'amarin mu mai da shi na mutane. A ce wani dillali a kasuwar shanu ta Potiskum yana shakkar agogonsa, kuma ya san akwai agogo mai kyau a Damaturu, tafiyar kusan kilomita 100. Sai ya tura yaronsa a mota ya dubo. Idan yaron ya dawo ya ce "ƙarfe goma sha ɗaya", dillali ya saita agogonsa a haka, ya yi asara, domin wannan ƙarfe goma sha ɗayan ta tsufa a hanya.

Dillali mai wayo zai rubuta abubuwa huɗu. Na farko, lokacin da yaron ya tashi bisa agogon dillali: 9:00. Na biyu, lokacin da ya isa bisa agogon Damaturu: 10:40. Na uku, lokacin da ya baro bisa agogon Damaturu: 11:00. Na huɗu, lokacin da ya dawo bisa agogon dillali: 12:20.

Daga 9:00 zuwa 12:20 minti 200 ne. Cire minti 20 da yaron ya yi a Damaturu, saura 180, su ne na hanya zuwa da dawowa. Raba biyu, dawowa ta ci minti 90. Tun da ya baro da 11:00 daidai, to ya iso da 12:30. Agogon dillali kuwa 12:20 ya nuna. Ashe yana baya da minti 10. Abin lura shi ne ba a buƙatar agogon dillali ya zama daidai kafin a yi wannan lissafi, ana dai buƙatar ya iya auna tsawon tafiyar.

Wannan shi ne ginshiƙin ƙa'idar da ake kira NTP, wadda Farfesa David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya fitar da bayaninta na farko a 1985. Ya ci gaba da kula da ita shekaru da dama, ya rasu a watan Janairu 2024. Tana daga cikin tsofaffin ƙa'idojin intanet da har yau ake amfani da su.

Amma akwai rami a lissafin. Mun ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya. A ce an tsayar da motar a shingen bincike wajen zuwa, tafiyar ta ci minti 100, dawowa kuma ta ci 80. Lambobi huɗun nan ba za su sauya ba ko kaɗan, alhali agogon dillali lafiyarsa lau, shi ne zai ɓata shi da hannunsa. Babu dabarar da za ta bambance waɗannan yanayi biyu daga lambobin kaɗai. Abin da lissafi ya tabbatar shi ne kuskuren ba zai wuce rabin tsawon tafiyar ba. Saboda haka uwar garke ta kusa ta fi ta nesa, kuma cikin amsoshi da yawa, wadda ta fi saurin dawowa ita ce abar dogaro.

A intanet tafiyar ba ta minti ba ce. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan cikin wayar gilas. Saƙon da ya tashi daga Potiskum zai bi ta turken sabis, ya gangara Legas, wataƙila ya shiga wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, ya dawo, duk cikin ƙasa da sakan ɗaya. Idan zuwa da dawowa sun ci milisakan 200, kuskure ba zai haura milisakan 100 ba.

Yadda Manhaja Ke Yin Tambayar

Ga wanda ya fara koyon rubuta manhaja, wannan aiki ne da 'yan layuka kaɗan za su gama shi a harshe irin Python. Matakan su ne:

Na farko, a zaɓi uwar garke. Akwai na kamfanoni, irin su time.windows.com da time.google.com. Akwai kuma wata gayya ta 'yan sa-kai da aka fara a 2003, mai adireshin pool.ntp.org, inda dubban mutane da cibiyoyi suka ba da kwamfutocinsu kyauta. Wanda ya rubuta africa.pool.ntp.org, za a haɗa shi da na nahiyar Afirka.

Na biyu, a shirya ƙunshin saƙo. Tsawonsa bayit 48 ne kacal, bai kai kuɗin data da za a ambata ba. A mafi sauƙin tsari, ana sa lamba 27 a bayit na farko, wadda ke nufin "ni mai tambaya ne, kuma da siga ta uku nake magana". Manhaja ta kuma rubuta lokacin tashin saƙon bisa agogonta.

Na uku, a aika ta ƙofa mai lamba 123. Kowace hidima a intanet tana da ƙofarta, kamar yadda kowane ofishi yake da lambarsa a sakatariya. Ana aikawa ne ta hanyar da ake kira UDP, wadda ba ta tsayawa gaisuwa ko neman tabbacin isa. Idan saƙo ya ɓace sai a sake wani, domin amsar da ta makara ba ta da amfani.

Na huɗu, a karanta amsa. Ita ma bayit 48 ce, ɗauke da matakin uwar garke, da lokacin da saƙo ya same ta, da lokacin da ta sallame shi. Bayit takwas na ƙarshe su ne lokacin sallama: huɗu na cikakkun sakan, huɗu na ɓurɓushin sakan.

Na biyar, a mai da lambar kwanan wata. Lissafin yana farawa ne daga 1900. A daidai shigowar 1 ga Janairu 2025 bisa agogon UTC, ya kai 3,944,678,400. Yawancin kwamfutoci kuwa daga 1970 suke ƙirga nasu, don haka sai a cire 2,208,988,800, wato sakan ɗin shekara 70 da ke tsakani. Gurbin cikakkun sakan zai cika maƙil a ranar 7 ga Fabrairu 2036 ya koma sifili, saboda haka manhaja mai kyau dole ta san da wannan tun yanzu.

Wanda ke son gani da idonsa ba sai ya rubuta komai ba. A kwamfuta mai Windows da ke jone da intanet, ya buɗe baƙin allon ba da umarni ya rubuta:

w32tm /stripchart /computer:pool.ntp.org /samples:5 /dataonly

Zai ga layi biyar, kowanne yana nuna tazarar da ke tsakanin agogonsa da na uwar garke. Wannan umarni tambaya kawai yake yi, ba ya taɓa agogon.

Shaidar Mutum Ɗaya

Lissafin hanya ya magance tsufan labari. Saura matsala ta biyu: idan ita uwar garken ce agogonta ya ɓaci fa? Amsar da Mills ya bayar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda ake tantance labarin ganin wata, inda akan tara rahotanni daga wurare a gwama su kafin a yi sanarwa. Cikakkiyar manhajar NTP takan tambayi uwar garke fiye da ɗaya. Kowace amsa tana zuwa da iyakar kuskurenta, wato "lokaci yana tsakanin kaza da kaza". Sai a duba inda mafi yawan amsoshin suka haɗu. Wadda ta yi nisa da sauran sai a ajiye ta gefe. Biyu ba su isa ba, domin idan sun saɓa babu mai raba gardama. Shi ya sa ake son huɗu ko fiye.

Bayan an san gaskiya, gyaran ma yana da ladabi. Idan tazarar ba ta kai milisakan 128 ba, manhajar da Mills da abokan aikinsa suka rubuta ba ta tsallakar da agogo, sai dai ta ɗan ƙara masa gudu ko ta rage har ya daidaita. Dalili shi ne mai da agogo baya farat ɗaya yana iya sa a rubuta cewa kuɗi sun fita kafin su shigo. Idan kuwa tazarar ta haura sakan 1,000, sai ta ƙi gyarawa ta tsaya, tana ganin abin ya kai mutum ya duba. Tana kuma koyon halin dutsen da ke cikin na'urarta, ta gane yawan gudunsa ko nawarsa. Da farko takan tambaya duk bayan sakan 64, idan ta natsu sai ta ja zuwa sakan 1,024.

Yawan tambaya ma laifi ne. A 2003 an gano cewa dubban ɗaruruwan na'urorin raba intanet na kamfanin Netgear an ƙera su ne da adireshin uwar garken Jami'ar Wisconsin a cikinsu, kuma idan ba su sami amsa ba sukan sake tambaya kowane sakan. Ambaliyar saƙonni ta kusa toshe hanyar jami'ar. Ɗalibin da ke gwada manhajarsa ya kiyaye: abin sadaka ne, ba a kai masa wawa.

Idan Agogo Ya Saɓa

Mai karatu zai iya cewa, mene ne abin damuwa a kan 'yan sakan? Mu koma kasuwa. Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma ta tura kuɗi a waya. Kuɗin da aka tura daga wani banki zuwa wani sukan ratsa kwamfutoci da dama, har da na kamfanin NIBSS mai sasanta hada-hada tsakanin bankunan Nijeriya. Kowace tana rubuta lokacin da saƙo ya same ta. Idan rigima ta tashi, mai saye ya ce ya tura, mai sayarwa ya ce bai gani ba, da waɗannan rubuce-rubuce ake bin sawu. In agogunansu ba su daidaita ba, sawun ya ɓace. A nan akwai darasi ga fatake: lokacin da ke saman hoton da aka ɗauka daga fuskar waya na wayar mai aikowa ne, yana iya murɗa shi yadda ya so. Lokacin da ke cikin bayanan asusunka na banki shi ne shaida.

Ɗalibai ma abin ya shafe mu. Ranar rufe rajista a shafin makaranta, agogon uwar garke ake bi, ba na wayar ɗalibi ba. Manhajojin da ke fitar da lambar sirri mai sauyawa duk sakan 30 suna haɗa wani sirri ne da lokacin da ake ciki su fitar da lambar. Idan wayarka ta yi baya da minti biyu, lambarka da ta uwar garke ba za su zo ɗaya ba, sai a hana ka shiga asusunka. Haka nan kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ta farka a shekarun baya za ta ga takardar ba ta fara aiki ba, sai ta ƙi buɗe shafin. Mai shago ya yi ta zargin sabis, alhali ɗan batiri ne ya mutu.

Wayar salula tana da hanya ta biyu, domin turken sabis kansa yakan sanar da ita lokaci ko babu data. Mutanen Yobe sun ga abin da ke faruwa idan hanyoyin biyu suka yanke. A watan Mayu 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya, ba a maido da na Yobe ba sai a watan Yuli. A wannan tsakani kowace waya da dutsenta ta dogara. Haka kuma a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Nijeriya. Wannan ya nuna amfanin samun tushe a gida. Duk makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum ko Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, tana iya jona ƙaramar na'urar GPS da kwamfuta ɗaya ta zama mataki na 1, sauran na'urorin makaranta su riƙa tambayarta ko intanet ya yanke.

Abin da Amsar Ba Ta Ƙunsa

Uwar garke ba ta san inda kake ba. Amsarta kullum UTC ce. Na'urarka ce ke ƙara awa ɗaya idan an gaya mata tana Nijeriya ko Nijar, ta bar shi yadda yake idan tana Gana, ta ƙara uku idan tana Saudiyya. Kuskuren da na sha gani shi ne a bar waya a shiyyar wata ƙasa, sannan a gyara lokaci da hannu har fuskar ta nuna daidai. A ido babu laifi, amma a ciki wayar ta saɓa wa duniya da awa guda ko fiye. Gyaran shi ne a zaɓi shiyyar Legas, wadda ita ce ta Nijeriya duka, a kuma kunna saita lokaci da kansa.

Haka nan amsar ba ta san ranar garinka ba. Duniya tana juya digiri ɗaya a minti huɗu. Potiskum tana kusan digiri 11 gabas da Greenwich, Kano tana takwas da rabi, Maiduguri ta ɗan haura 13. Ke nan rana tana faɗuwa a Potiskum kimanin minti 10 kafin Kano, kimanin minti 8 bayan Maiduguri. Mai azumi a Potiskum da ya bi jadawalin Maiduguri zai sha ruwa kafin rana ta faɗi. Wanda ya bi na Kano kuma yana iya ci gaba da sahur bayan alfijir ya keto. Agogon wayarsa daidai yake har zuwa milisakan, amma bai hana shi kuskure ba, domin manhajar lokutan salla tana buƙatar abu biyu: lokacin duniya da wurin da mutum yake.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa agogon na'ura ba ya tsayawa daidai da kansa, don haka take tambayar uwar garke, ita ma ta tambayi ta sama da ita har zuwa agogon zarra. Mun ga yadda ake amfani da lokuta huɗu a cire jinkirin hanya, da yadda ake gwama amsoshi a ware mai kuskure, da kuma abin da amsar ba ta ɗauke da shi.

Saura aikin da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban harshe. Na yi amfani da "uwar garke" da "ƙunshin saƙo" da "ƙofa" da "mataki" da "agogon zarra". Wasunsu sun fara zama a bakin masu fassara, wasu kuwa gwaji ne. Waɗanda suka ce "ƙarfe" da "agogo" a ƙarnin da ya wuce ba su jira kwamiti ba, sun dubi abin ne suka fahimce shi sannan suka raɗa masa suna. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai su gwada waɗannan kalmomi a kan masu gyaran waya da masu POS da masu shagon kwamfuta na garuruwansu, su ga wadda za ta zauna da wadda za a yar, su kuma kawo mana sakamakon a fitowa ta gaba.